Littafi zai koma fim mai dogon zango: me ake fara yi, kuma wa za ta ja labarin?

Ummu Haidar:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar fim daga ciki. A ce ga littafin Hausa irin na yanzu, wanda aka fara saki a WhatsApp kashi-kashi har ya haura shafi 400, labarin mace ɗaya tun tana 'yar shekara 17 har ta aurar da 'yarta ta fari. Wani furodusa ya nuna yana so ya mayar da shi fim mai dogon zango. Daga ina ake farawa? Me ake yankewa, me ake bari? Me ya sa kusan duk littafin da aka yi fim ɗinsa sai ka ji makaranta suna cewa an ɓata shi? Sannan jarumar da za ta ja labarin, fitacciya ake nema ko sabuwar fuska? Allah ya ba da ladan amsa.

Baban Walida:

Wa alaikumus salam Malama. Takarda ce farko, tun kafin a rubuta layi ɗaya na fim.

A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, ta 2022 wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, juya littafi zuwa fim haƙƙin marubuci ne. Sayar da wannan haƙƙi, ko ba wa mutum ɗaya izinin da ya keɓanta da shi, ba ya inganta sai a rubuce. "Na yarje maka" a waya izini ne, amma bai hana marubuciyar ta yarje wa wani gobe ba. Kuma don an saki littafi kyauta a WhatsApp ko Wattpad bai zama na kowa ba, ba sai an yi masa rajista yake samun kariya ba. Kariyar tana nan muddin ran marubuci, da ƙarin shekara 70 daga ƙarshen shekarar da ya rasu. Bisa wannan lissafi, wanda ke son sake yin fim ɗin Shaihu Umar sai ya nemi masu haƙƙi har ƙarshen 2036, tunda marubucinsa, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya rasu a Janairun 1966. A tsofaffin littattafai irin wannan ana tuntuɓar magada da kuma kamfanin da ke buga littafin, don a ga wa ke riƙe da me.

Kada a sayar kai tsaye. A fara da kafin alƙalami: furodusa ya ba da wani abu, a riƙe masa littafin wata 12 ko 18. In ya fara ɗauka cikin wa'adin sai ya cika sauran kuɗin, in bai fara ba haƙƙi ya koma wa mai shi, kafin alƙalamin kuma ba a mayarwa. Rashin wannan sharaɗi shi ke sa littafi ya kwanta shekara da shekaru a hannun wanda ba shi da kuɗin yi, ya kuma hana mai kuɗin yi.

Takardar ta faɗi abin da aka sayar dalla-dalla: fim guda ne ko mai dogon zango, zango nawa, a YouTube ko a tashar talabijin ko duka biyu, da fassara shi zuwa wani harshe. Marubuciya ta riƙe haƙƙin bugawa da na karanta littafin da murya, domin wannan ma kasuwa ce mai zaman kanta yanzu. A rubuta yadda sunanta zai fito a farkon kowane kashi, ko an yarda a sauya sunan labarin, da wanda ya mallaki taurarin da za a ƙirƙiro waɗanda babu su a littafi. In labarin littafin ya ƙare furodusa yana son ci gaba, sabon ciniki ne.

Batun kuɗi, a Amurka al'adar ita ce kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na kasafin fim, kafin alƙalami kuma kamar ushirin wannan. A nan ciniki ne kawai. Abin lura ɗaya: in an ce kaso za a ba ta, ya zama daga abin da ya shigo, ba daga riba ba. Riba ba ta cika bayyana a lissafin wanda ke riƙe da littafin lissafi. Biya kan kowane kashi, kafin a sake shi, ya fi sauƙin bi.

Shi ma furodusa ya kare kansa: marubuciya ta sa hannu cewa labarin nata ne ita kaɗai. Akwai littattafan da mutum biyu ko uku suka yi karo-karo, akwai kuma waɗanda ƙashin bayansu fim ɗin Indiya ne ko na Turkiyya.

Mai Alƙalami:

Abin da Baban Walida ya faɗa haka yake. Bari in ɗora daga rubutu, don a nan ake ɓata littafi, tun kafin kyamara ta zo.

A karanta littafin sau biyu. A karo na biyu, duk abin da ya faru a rubuta shi a ɗan kati, layi ɗaya: wa da wa, a ina, me ya canza. Kalmar ƙarshen nan ita ce ma'auni. Katin da aka rasa abin rubutawa a wajen "me ya canza" a ajiye shi gefe. Za ki sha mamakin yawansu: gaisuwar safe, shiga kicin, bayanin leshi da turare, rakiyar ƙawa, sayayya a Dubai. A takarda suna da daɗi, su ne ma ke sa mai karatu ya ji yana zaune a gidan. A allo mutuwar tsaye ne.

Sai lissafi. Shafi ɗaya na rubutun fim yana ba da kamar minti ɗaya. Kashi mai minti 45 yana cin fitowa (wato abin da ya faru a wuri ɗaya a lokaci ɗaya) 20 zuwa 25, zango mai kashi 13 ke nan yana neman fitowa wajen 300. Littafi mai shafi 400, bayan an tace shi, da ƙyar ya wuce zango ɗaya da rabi. Saboda haka matsalar fim mai dogon zango ba yankewa ba ce, ja ne. Labari ya ƙare a kashi na 18, ana samun masu kallo, sai a fara cusa sabuwar kishiya, da ɓatan hankali, da wani ɗan uwa da ya dawo daga Sudan. A nan makaranta ke cewa ba littafinsu ba ne, kuma gaskiyarsu. A yanke adadin kashi tun farko, a rubuta kashin ƙarshe kafin na biyu.

Babban aikin kuwa shi ne "ta ce a ranta". Rabin ƙarfin littattafanmu a cikin zuciyar jaruma yake, ga kunya ga kawaici, abin da take ji daban abin da take furtawa daban. Kyamara ba ta shiga zuciya. Hanyoyin ragwanci guda uku ne, kuma duk mun gan su: a kwantar da ita tana kallon silin murya tana zuba a sama, ko a tsayar da ita gaban madubi tana magana ita kaɗai kamar mai taɓin hankali, ko a sako waƙa. Gyaran shi ne a ba wa tunanin hannu da ƙafa. Misali, littafi ya ci shafi uku yana bayanin yadda zuciyarta ta yi da mijin ya ce zai ƙara aure, ta daure ba ta nuna ba. A fim: tana riƙe da hularsa tana kakkaɓewa, ya faɗa. Ta ce "Allah ya sanya alheri", ta miƙa masa hular. Ya fita. Ta tsaya jim, ta ɗauko kular da ta zuba masa abinci, ta leƙa zaure ta kira almajiri, ta juye masa duka a roba, har naman. Yaron ya dube ta, ya dubi robar. Babu kalmar da aka ƙara, shafi ukun nan sun fito cikin minti ɗaya.

Inda dole sai an furta, a samo wanda za ta furta wa, ƙanwa ko aminiya. Amma ita ma aminiyar a ba ta abin da take so a labarin, in ba haka ba ta zama kunne kawai mai cewa "to ke yanzu ya za ki yi?"

A haɗe taurari. Littafi yana iya ɗaukar mutum 40 don suna kawai yake kashewa, fim kuwa kowane mutum sallama ce da abinci da mota. Dubi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda aka yi fim ɗinsa a 1998: jarumar, Rabi, 'ya'ya tara gare ta. Yawan nan yana da muhimmanci, shi ne nauyin da ke kanta. Mai juya irin wannan labari zai nuna taron yaran a tsakar gida sau biyu ko uku don a ji nauyin, amma magana ta tsaya a bakin biyu ko uku. Gwaggo uku masu zuga iri ɗaya su koma gwaggo ɗaya mai baki.

Mai ba da labari ba kullum ake jefar da shi ba. Shaihu Umar a littafi malami ne zaune a Rauta yana ba almajiransa tarihin rayuwarsa, kuma fim ɗin Adamu Halilu na 1976 ya riƙe wannan zaman. Ya yi aiki ne don akwai mai faɗa, akwai masu saurare a gabansa, ba murya ce daga sama ba. Ga kuma abin lura: littafin ɗan siriri ne, fim ɗin ya haura awa biyu. Gajeren littafi ya fi dogo sauƙin juyawa.

Littattafan shekarun 1990 wasiƙa ce ke kai saƙon masoya, na yanzu hirar waya ce. Kada a cika allo da rubutu. Da yawa daga masu kallo a ƙaramar waya suke kallo, wasu kuma ba sa karanta boko da sauri. Layi ɗaya, ko a mayar da shi saƙon murya.

Na ƙarshe, a rubuta da hukumar tace finafinai a zuciya. Ta Kano tana nan tun 2001, kuma ba ta yarda namiji da mace su taɓa juna a fim ba ko da miji da mata suka fito. Littattafan intanet cike suke da "ya riƙo hannunta", "ta faɗa jikinsa", da abin da ya fi haka. Duk wannan sai an sake masa hanya. In ta suma, ƙanwarsa ce za ta tare ta, shi ya ruga neman ruwa. A watan Mayun 2025 hukumar ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22 a lokaci ɗaya kan batun kai su tacewa kafin saki, har da manya. A sa lokacin tacewa cikin jadawali.

'Yar Gidan Malam:

Sannunku da ƙoƙari. Ni a kan jaruma zan tsaya.

Mai karatu ya riga ya zana fuskarta a ransa, kuma kowa da tasa. Babu wadda za a kawo kowa ya yarda, don haka a daina neman mai kama da bayanin littafi. "Fara, doguwa, hanci har baka, gashi har gadon baya": rabin jaruman littattafanmu haka suke, kuma gashin ma ɗankwali zai rufe shi. Abin tambaya shi ne me tauraruwar take yi a labarin. In mai haƙuri ce da ke haɗiye magana, ana neman wadda fuskarta ke aiki lokacin da bakinta ke rufe. Wannan ya fi kuka wuya. Masu iya kuka suna da yawa.

Yadda ake gwaji: a zaɓi fitowa uku daga rubutun, ɗaya ta faɗa, ɗaya ta shiru irin ta hular nan da Mai Alƙalami ya kawo, ɗaya ta hira ta yau da kullum. A ba ta tun jiya. A ɗauka da kyamara, kusa da fuska, don abin da ido ya gani a ɗaki ba shi allo ke nunawa ba. In ta gama a ce ta sake, amma a juya mata umarni: wancan karon da fushi kika yi, yanzu yi shi kina murmushi. Wadda ta maimaita abin da ta yi da farko ba ta karɓar umarni, za a sha wuya da ita kashi 13. Sannan a bar kyamara a kanta lokacin da abokin wasanta ke magana. Mai jiran layinta daban, mai saurare daban, kuma a allo ana ganewa.

A gwada ta tare da jarumin, ba kowa shi kaɗai ba. Tunda babu taɓa juna, duk soyayyar a kallo take, da sunkuyar da kai, da tazarar da ke tsakaninsu a kan tabarma. Wasu biyun kowanne gwani ne, amma in an haɗa su kamar wa da ƙanwa.

A duba harshe. In labarin a Sakkwato yake ko Katsina, jaruma mai zallar Kananci za ta yi ta tuntuɓe, 'yan garin kuma ba za su yafe ba. A duba ko tana karanta rubutun Hausa da kyau tana haddacewa. Sabon da aka yi na a gaya wa ɗan wasa gundarin fitowa ya faɗa da kalmominsa yana tafiya a wani fim ɗin, amma a fim ɗin littafi akwai maganganun da makaranta suka haddace suna jira. A fitar da goma ko sha biyar irinsu a ja musu layi: waɗannan ba a taɓa ko wasali.

Shekaru 17 zuwa 40 da wani abu: in kowane ɓangare ya kai rubu'in labarin, a ɗauki mutum biyu. A fara zaɓen babbar, sannan a nemo yarinyar da ta dace da ita a murya, da tafiya, da wushirya in akwai. Su zauna tare kwana biyu su daidaita ɗabi'a ɗaya ko biyu, kamar yadda take gyara mayafi in ranta ya ɓaci. In kuma mutum ɗaya za ta yi duka, mai shekara 25 zuwa 30 ta fi, kuma girma ba a hoda yake ba. Yana ɗaurin ɗankwali, da girman mayafi, da yadda take dafa gwiwa in za ta tashi, da rage saurin magana.

Fitacciya ko sabuwa? Ni sabuwa nake zaɓa, a kewaye ta da manya a matsayin uwa, uba, miji. Fitacciya tana shigowa da duk matan da ta taɓa fitowa a matsayinsu, mai kallo ita yake gani ba ta littafin ba. Pete Edochie ma'aikacin gidan rediyo ne lokacin da NTA ta ba shi matsayin Okonkwo, jarumin littafin Things Fall Apart na Chinua Achebe, a fim ɗinta na 1987, har yau kuma fuskarsa ake gani in an ambaci sunan. Shi ya sa da aka sanar a 2024 cewa ɗan wasan Birtaniya Idris Elba zai hau wannan matsayi aka yi ta ce-ce-ku-ce. Umaru Ladan kuwa, kafin ya fito a Shaihu Umar, shi da Dexter Lyndersay ne suka mayar da littafin wasan kwaikwayo na dandamali. Ya san mutumin ciki da waje kafin a kunna kyamara.

Ɗan Fagge:

Hajiya, a nan dai ban bi ki duka ba. Sabuwar fuska tana da kyau a baki, amma jarumar irin wannan labari tana cikin fitowa bakwai daga kowace goma. In tana buƙatar a sake ɗauka sau takwas inda gogaggiya ke yi a sau biyu, aikin kwana 30 ya koma 45, kuma kowace rana kuɗin kayan aiki ne da masauki da man janareta. Ga YouTube, inda fuskar da ke kan hoton kashi na farko ke jawo dannawa. In za a ɗauki sabuwa, a ware mata sati biyu na atisaye, a fara da fitowa masu sauƙi, masu nauyin a bar su sai sati na biyu.

Dalilin da ya sa gogewa ke da muhimmanci: ba a ɗauka bi da bi. Lokeshan ake bi. Duk abin da ya faru a falon gidan miji, daga amarci har zuwa saki, a kwana huɗu ko biyar za a ɗauke shi. Da safe amarya ce, bayan azahar mai 'ya'ya uku. Dole mai kwantiniti, wato mai lura da kada kaya da kamanni su saɓa tsakanin fitowa da fitowa, ya riƙe littafi da hoton kowace fitowa: atamfa, ɗan kunne, hannun da ke riƙe da jaka. Lalle shi ne babban maci amana, yana dusashewa cikin sati biyu, sai a ga amarya ta shiga ɗaki da jan lalle ta fito da fari. Fitowar biki a haɗa su a kwana biyu a jere. Haka damina da rani: kada a fara waje a Agusta a dawo ciko a Janairu, bishiyar da ke bayanta za ta tona asiri.

Takardar jaruma ta ƙunshi ranakun aiki a jere, da alƙawarin zango na biyu da kuɗinsa tun yanzu. A masana'antar nan aure, ko karatu, ko saɓani na iya ɗauke jaruma a tsakiyar labari. An gani a Labarina, inda Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya bayan Nafisa Abdullahi. Labarin da aka ƙirƙira don talabijin yana iya karkata ya bi wani tauraro. Na littafi ba shi da wannan damar, an san inda zai ƙare. In da hali a ɗauke littafin gaba ɗaya kafin a saki kashi na farko.

Abin da aljihu ba zai iya ba kuma a sauya shi tun a takarda. Jirgin sama na kansa ya koma mota mai kyau guda ɗaya. Wurin haɗari, kamar faɗawa rijiya irin na Sumayyar In Da So Da Ƙauna, ba ya buƙatar kowa ya shiga rijiya: ƙafa a bakin rijiya, guga ya gangara, ƙarar ruwa, mayafi a ƙasa, sai ihun wadda ta fara gani.

Ummu Haidar:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura ɗaya: marubuciyar ce ya kamata ta rubuta fim ɗin da kanta? Kuma ta riƙa zuwa lokeshan?

Mai Alƙalami:

Ana yi. Ado Ahmad Gidan Dabino da kansa ya tsaya aka yi fim ɗin littafinsa In Da So Da Ƙauna a 1994, kuma irin su Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih daga littafi suka shigo rubutun fim. Amma wadda ba ta taɓa yi ba, hannunta ba zai iya yanka abin da ta sha wuya a kansa ba. Ta rubuta abu biyu: taƙaitaccen labarin a shafi 10, da bayanin kowane babban tauraro a shafi ɗaya, har da abin da ba zai taɓa yi ba ko da za a kashe shi. Wannan na biyun shi ke hana a wayi gari an sa mai kawaici tana zage-zage a titi. Sai a ba ta rubutun sau biyu, bayan tsara katuna da bayan kammala zubi na farko, kowane karo da kwana bakwai ta mayar da gyara a rubuce.

Ranar da ta fi amfani a wurin ita ce ranar karatun tebur, inda 'yan wasa ke zama su karanta kashi uku na farko da baki, wani yana riƙe da agogo. A nan za ta ji layin da ya yi nauyi a harshe, a nan kuma za a gane kashin da aka ce minti 45 ne ashe 32 ne. Lokeshan kuwa ta je ranar farko da ranar babbar fitowa. In ta ga abin da bai yi mata ba, darakta za ta ja gefe ta gaya wa, ba jaruma ba.